Ƙaryar Mai Taswira

Tun jan fentin alamar rusau bai gama bushewa a katangun unguwar ba, mutane suka daina amsa gaisuwar Auta.

Ba ta ga laifinsu ba. Ita ce ta shafe damina guda tana shiga gidajensu da na'urar auna wuri a hannu, tana tambayar inda ruwa ke kaiwa idan an yi ambaliya. Sun nuna mata shatin laka a bango, sun buɗe mata har ɗakunan da ba a kai baƙo. Ta haɗa abin da ta gani da hotunan tauraron ɗan adam, ta fitar da taswira mai nuna hanyar ruwa gida gida. Alkawari ɗaya ta yi musu: da wannan taswirar ofishin da take aiki zai nemo musu magudanar ruwa.

Magudana ba ta zo ba. Wani kamfanin gine-gine ne ya kai wa hukuma taswirar, ya ce ga hujja, unguwar ba ta zaunuwa. Aka sa ranar rusau.

"Ke da muka goya," in ji wata tsohuwa mai ɗinki, ko kai ba ta ɗaga daga kekenta ba. "Ashe awon kabarinmu kike yi."

Mutum ɗaya ya rage mata, wanta da take kira Yaya. Shi ya riƙa shiga da ita gidaje tun farko, don shi ake jin maganarsa a unguwa, har ta sa wa bugun farko na taswirar gilashi ta ba shi tukuici. Yanzu kuma shi ke jagorantar masu adawa da rusau, muryarsa har ta dushe. A tsakar gidansu na gado ta same shi, daidai inda gwabar Inna take kafin a sare ta shekarun baya. Ya sa an sauke komai daga bangon falo za a yi sabon fenti, sai ƙusoshi tsirara.

"Yaya, wani ne ya fitar da aikina. Sai na gano shi."

"A ofishinku yake, Auta. Wannan Dogon da kuke aiki tare, tun ranar da na gan shi bai kwanta mini ba. Amma ki bar mini, ki yi zamanki a gida. Mutane a fusace suke."

Abin da Yaya bai sani ba, masu zana taswira suna da wata tsohuwar al'ada. Duk kwafin da zai fita daga hannunsu, sai sun dasa masa ƙaramar ƙarya wadda ba ta cutar da kowa, don ranar da aka sace aikin ƙaryar ta tona ɓarawon. Auta ba ta taɓa sakaci da wannan ba. Kwafi uku ta fitar a wurin aiki. A na shugabanta ta ƙara wani lungu da babu shi. A na Dogo, abokin aikinta mai yawan leƙen kwamfutar mutane, ta haƙa rijiya a bayan makaranta. A na injiniyan magudana ta ɗora wata 'yar gada a inda ko katako ba a taɓa gittawa ba.

A ranta ta riga ta yanke wa Dogo hukunci. Ta daina shan shayi tare da shi, har ta tsara kalaman da za ta yayyafa masa a gaban kowa. Rijiyar kawai take so ta gani da idonta.

Da hukuma ta kafa taswirar kamfanin a allon sanarwa don masu ƙorafi, Auta ta lulluɓe fuska ta tafi ba tare da ta gaya wa Yaya ba. Ta kutsa tsakanin maƙwabtan da suka juya mata baya, ta tsaya gaban allon. Aikinta ne, ko a mafarki ta san shi. An dai goge sunanta, an zagaye gidajen da za a rushe da jan layi mai kauri.

Ta duba bayan makaranta. Babu rijiya. Kunya ta kama ta, don ta ci naman Dogo a banza.

Ta nemi lungun shugabanta, babu. Ta nemi gadar injiniya, ita ma babu. In ba ɗaya daga cikin ukun ba ne, to daga ina?

Ta ɗora yatsa a kan jan layin ta fara bin sa. Ya haɗiye shagon mai ɗinki, ya haɗiye layin masu gyaran babur, yana tafiya tare da hanyar ruwa kamar yadda ta auna. Da ya iso gidansu na gado sai ya yi wata 'yar lanƙwasa, ya bar gidan a waje. Ita kuwa da hannunta ta auna shatin ruwa a wannan gida, har gwiwa yake kaiwa.

Ta matsa kusa har numfashinta ya taɓa takardar. A tsakar gidan akwai ɗan ɗigo kore, alamar bishiya.

Sau ɗaya tak ta taɓa zana gwabar Inna, kuma ba tarko ba ne, ƙauna ce: a kan taswirar da ta sa wa gilashi ta ba Yaya.