Ɗan Huɗu

Saura kilomita shida, kuma babu kowa a gabansa sai babur mai ɗauke da kyamara.

Ba haka aka tsara ba. Aikinsa, shi mai lamba sittin da uku a wannan ƙungiyar tseren keke, sananne ne. Ya koma baya wajen mota ya kwaso gorunan ruwa, ya cusa a riga, ya raba wa abokan aiki. Ya shiga gaban jagoran ƙungiya ya tare masa iska har ƙafafunsa su mutu, sannan ya kauce. Shekara tara yana wannan. Amma yau a wata kwana a unguwar Deptford ta Landan jagoran ya zame a jiƙaƙƙen titi, ya kwashe mutum goma sha biyu suka zube tare. Shi kaɗai ya sulale ta gefe.

Muryar Rahman, kocinsu, ta fashe a 'yar rediyon da ke kunnensa. "Dachung! Ka ba su tazarar daƙiƙa hamsin. Naka ne. Kada ka waiwaya."

Ya waiwaya. Titi fayau.

Duk wanda ya buɗe takardar sakamakon Dachung Pam zai gaji da ganin abu ɗaya. Na huɗu a Yorkshire. Na shida a Wales. Na huɗu a Beljiyam, har sau biyu. Dandamalin karɓar kofi mutum uku yake ɗauka, shi kuwa bai taɓa taka shi ba. Makanikai suna kiransa Ɗan Huɗu, suna cewa ko shi kaɗai aka saki a titi, na huɗu zai zo. Yakan yi murmushi ya ci gaba da goge sarƙar kekensa. Likitan ƙungiya ne kawai ba ya dariya. Ya ce huhun nan da zuciyar nan sun fi shekarun mai su ƙuruciya, bai ga dalilin da zai riƙa sarewa a mita ɗari biyu na ƙarshe ba.

Makon jiya Rahman ya kira shi gefe, bai yi kwana-kwana ba. Ƙungiya za ta rage mutane a watan Oktoba. Wanda ba shi da nasara ko ɗaya, shi zai fara fita. Izinin zamansa a ƙasar kuwa a jikin kwantiragin yake rataye.

Da ya faɗa wa matarsa Juliana a fulat ɗinsu na Thamesmead, tana gugar rigar makarantar 'yarsu Tina. Ba ta ɗago ba.

"Baban Tina, kai kullum noman gonar wasu, ba ka taɓa kawo dami gida? Taron 'yan Filato a Peckham ba ka zuwa, Jos ba ka taɓa kai mu ba. To idan suka kore mu, ƙofar wa za mu buga?"

Ya tashi ya fita. Dama ba mai yawan magana ba ne.

Saura kilomita uku. Shingen ƙarfe dama da hagu, mutane sun yi cincirindo a bayansa suna dukan allunan talla. Babu lungun da za a shiga. Jirgi mai saukar ungulu yana bin sa a sama kamar shirwa. Dachung ya bi titin da ido yana neman abin da zai tsayar da shi, rami, ko ƙusa, ko fasasshiyar kwalba. An share shi tun asuba.

Ya sassauta ƙafa. Ya kai hannu ya dafe cinya, ya yamutse fuska yadda ya saba.

"Ka bar wannan wasan," in ji Rahman. Muryarsa ta yi sanyi. "Ga bugun zuciyarka a allo ina gani. Ba ka gaji ba. Wallahi ka saki wannan, ko takarda ɗaya ba zan sa maka hannu ba."

Ya sake waiwayawa. Can nesa ya hango sauran 'yan tseren, dunƙule guda, sun makara. Ko birki ya kama sai kowa ya gani.

Ya tuna Tina da jakarta da ta fi ta girma, tana amsa masa Hausa da Turanci. Ba ta san wani gari ba sai wannan. Ya sunkuyar da kai, ya danna feda.

Ya tsallake layi bai ɗaga hannu ba.

Aka yi masa caa. Rahman ya rungume shi yana ihu. Wata ma'aikaciya ta ja shi bayan dandamali ta miƙa masa tawul, ta ce ya cire hular kwano da baƙin tabarau, doka ce, ba a karɓar kofi da rufaffiyar fuska. Ya daɗe riƙe da igiyar hular kafin ya ɓalle ta.

Ya hau mataki na sama. Kyamarori sun fi talatin. Mai sanarwa ya ja sunan da ƙarfi, ya maimaita, ya ƙara da cewa daga Jos ta Najeriya. Wani ɗan jarida ya ɗago masa waya yana dariya, ya ce hoton har ya isa gida, 'yan keken Filato sun fara tura wa juna.

Ya dubi wayar. 'Yan keken nan su ne suka ɗauki akwatin gawar Dachung Pam a kafaɗa shekara tara da suka wuce, wata guda bayan takardar gayyata ta iso daga Landan, kuma babu ɗaya a cikinsu da zai kasa gane fuskar ƙanensa Gyang, wanda ya amsa gayyatar da sunan mamacin.