Ranar da Janaretan Mamuda Ya Yi Shiru

Bari in ba ka wani misali, ka riƙe shi don gaba.

A bakin kogin Kwara, wajen Yawuri, an yi wani mai jirgin ruwa ana ce masa Mamuda. Sarin kifi yake yi. Yakan bi tungayen masunta ɗaya bayan ɗaya yana saye yana zubawa a firiza, sai ta cika ya juyo gari. Tafiya ɗaya takan ci makonni, don haka jirgin nan shi ne ɗakinsa, shi ne kasuwarsa. A gindin rumfar jirgin akwai wani tsohon janareta da ke riƙe da firizar, ba a kashe shi, don in ya mutu kifi ya lalace. Ƙararsa kuwa, ko ciniki za a yi sai an haɗa da nunin hannu.

Tare da mahaifinsa Malam Gado suke tafiya, wanda shi ya koya masa ruwa. Tun wata doguwar jinya da tsohon ya yi muryarsa ta dushe, ba ta fita sai kamar raɗa. A gida kunyar muryar kan sa shi yin gum cikin mutane, amma a jirgi kullum yana zaune kan buzunsa yana kallon gaɓa, bakinsa na motsi. In sun haɗa ido Mamuda ya gyaɗa kai, ya yi murmushi, ya koma kan kifinsa. Da fari ya ɗauka tasbihi ne. Da ya fara ganin tsohon yana nuna wata bishiya ko wani tsibiri yana dariya shi kaɗai, wata rana har da hawaye, sai ya ce ruɗewar tsufa ce ta iso. Ya je ya yi shawara da goggonsa, ƙanwar tsohon, suka tsayar da magana cewa tafiya mai zuwa ita ce ta ƙarshe, daga ita Malam Gado zai zauna a wurinta. Mamuda ya san raba tsohon da kogi kamar raba kifi da ruwa ne, amma yana tsoron ranar da zai waiwaya ya tarar da buzu babu kowa.

Ana cikin shirin tafiyar janareta ya mutu, mutuwar da bakanike ya ce ba ta da gyara. Shi ne ya ba shi shawarar ya sa batura da inbata, na'urar da ke juya wutar batura ta zama irin ta janareta. Mamuda bai yarda ba da farko, a ganinsa abin da ba ya ƙara ba ya hayaƙi ba zai iya riƙe firiza ba. Amma da aka shimfiɗa farantan sola a kan rumfa, aka jera batura a akwatin katako nesa da ruwa, aka haɗa waya, ya zura hannu cikin firizar ya ji sanyi na ratsa yatsunsa, sai ya yarda.

Sun isa tunga ta farko bayan la'asar. Mamuda ya kashe injin jirgi ya ɗaure igiya, sai shiru ya sauko. Ya ji ruwa na dukan cikin jirgi, ya ji dakan mata daga ƙetare. Can kuma ya ji wata siririyar murya a bayansa. Malam Gado ne, yana nuna wata giginya a gaɓa, yana faɗin a gindinta ya fara ganin Kulu tana wanki, ya tsaya kallonta har ruwa ya tafi masa da sandar tuƙi, ita kuma ta yi ta dariya har sabulunta ya faɗa kogi.

Kulu ita ce mahaifiyar Mamuda. Ta rasu tun ba a yaye shi ba, sunanta kawai ya sani, kunya kuma ba ta taɓa barinsa ya tambayi ubansa ba. Ya ajiye kwandon da ke hannunsa, ya matso ya durƙusa.

"Baba, da wa kake magana?"

Tsohon ya dube shi da mamaki. "Da kai mana. Ai tun da na tashi daga ciwon nan nake ba ka labarinta, don kar in tafi da shi. Ina ganin kana gyaɗa kai, na ɗauka kana ji."

Mamuda ya sunkuyar da kai. Masunta na jiransa a gaɓa da kifi, bai tashi ba. Sai ya roƙi tsohon ya faro masa daga farko. Malam Gado ya gyara zama, ya faro.

Maganar zama wurin goggo ba ta sake tashi ba. Tsohon ya ƙara damina biyu a jirgin, kuma duk tungar da suka tsaya da abin da zai faɗa. A nan Mamuda ya san cewa uwarsa bahaguwa ce kamarsa, tana tsoron kada amma ba ta tsoron guguwa, kuma a cikin kwalekwale naƙudarsa ta kama ta. Ranar da Allah ya karɓi ran Malam Gado, ɗansa ya yi kuka irin na kowane ɗa, sai dai ya rasa uba bayan ya sami uwa.

Ka ga mutum ga ubansa a gabansa, lafiyar hankalinsa ƙalau, yana miƙa masa abin da ya fi komai daraja a wurinsa, shi kuwa saura kaɗan ya sauke shi a gaɓa, kuma don ƙauna zai yi hakan. Shi ya sa Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu.