Zakaran Tudun Wada

Sharfaddeen ya faɗo kemis ɗin Malam Kefas yana haki.

"Malam, ka taimaka! Yatsu sun sandare, ido na gani bibbiyu, ƙirji sai bugawa yake. Ga wasan ƙarshe jibi!"

Kaf Tudun Wada an san shi. Shi ne zakaran gasar ƙwallon waya, hotonsa da kofi har a shagunan caji.

"Na sha gaya maka!" Malam Kefas ya daka masa tsawa. "Awa goma sha huɗu a zaune, ba abinci sai lemon ƙara kuzari. Kashe kanka za ka yi?"

Ya fizgo hannunsa ya auna jininsa. Lafiya lau.

Sharfaddeen ya fashe da kuka. "Ba ni ba ne. Ni kofi kawai nake karɓowa. Da sunana take bugawa."

Ya ja Malam Kefas waje, ya ɗaga labulen wani keke napep. Mahaifiyarsa ce, Inna Bilkisu, a kwance, waya ƙam a hannunta.

Ta buɗe ido da ƙyar.

"Malam Kefas, babban yatsan kawai za ka tayar min. Sauran su jira."