Tsakuwa a cikin waken Kaka

Mai yiwuwa na gauraya wasu abubuwa, don a lokacin ban wuce aji biyu a lakwal, wato makarantar boko, ba. Ina jin saura shekara biyu a sami 'yancin kai, muna gidanmu na Birni, a Damagaram.

Kaka, mahaifiyar babanmu, ta makance, sai ta fara ture akushi. Cewa take wanda bai yi aiki ba bai cancanci tuwo ba. Har ta rame.

Ran nan da la'asar na ga Inna, mahaifiyata, ta ɗebo tsakuwa daga bayan randa ta zuba cikin waken da ta riga ta tsince. Ta kai faifan gaban Kaka, ta durƙusa.

"Iya, a taimake ni. Waken garin Droum ne, idona ba ya gane tsakuwarsa."

Kaka ta sa yatsu tana lalube tana mita: "Matan yanzu! So kike ki karya wa ɗana haƙora?"

Da Inna ta koma madafa, Kaka ta jawo ni, ta damƙa mini wata tsakuwa mai tsini.

"Maigidana, wannan sau uku ke nan ina fidda ta. Mayar da ita bayan randa, kada uwarka ta san na gane."

Ranar ta cinye tuwonta tas.

Na karanta littattafai kan kula da tsofaffi, ban tabbata sun fi wannan ba. Yayyena da suka rage, in na yi kuskure ku aiko mini da gyara. Wataƙila waken garin Gaffati ne, ba na Droum ba. Tsinin tsakuwar dai kada ku taɓa shi, har yau ina jin sa a tafina.