Rubutun da Ke Damtsenta

"Ɗaga hannun rigar nan in gani!"

Uwar na tsaye a falo. Tun safe matan zango na Greensboro ke turo mata hoton 'yarta tana tallan kayan sawa, ga tatu baƙi ƙirin a damtse.

"Tallan bai ishe ki ba, sai kin zane jikinki? Da wane ido zan shiga masallaci?"

"Mama, please, bari Kaka ta fara gani."

Budurwar ta durƙusa gaban tsohuwar, wadda shekara biyu ke nan ba ta gane kowa, har kanta.

Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Can ta miƙo nata hannun, ta jera da na jikarta. Uwar ta dafe baki. Rubutu ɗaya ne: sunan tsohuwar da na garinsu, irin wanda matan kasuwar Kumasi ke yi don ko ajali ya riske su a hanya, a mai da su gida. Nata ya koɗe tuntuni.

Tsohuwar ta bi sabon da yatsa, ta furta sunanta sarai.

"Ai ni ce," ta ce. "Ashe ban ɓata ba."