Mai Shago da Injin Niƙa

Kai da ke cewa maƙwabci ya dame ka, tsaya ka ji wannan. A wata unguwa an yi wani mai shago, bangonsa ɗaya da rumfar mai injin niƙa. Kullum cikin mita yake: ƙara ta hana shi jin rediyo, gari ya rufe masa gwangwanayen madara, barkono na sa shi atishawa har da hawaye. Da rayuwa ta yi tsada, masaƙar da ke riƙe da unguwar ta rufe, tela ya ɗauke kekensa, mai faci ya koma ƙauye. Man inji ya gagari mai niƙa, shi ma ya sa kwaɗo. Mai shago ya yi hamdala, wai yau kunnensa ya huta. Kayya, bawan Allah! Ashe masu zaman jiran niƙan nan su ne ke cewa a ba su gishiri, a ƙulla musu manja, a ƙaro ashana. Yanzu duk sun koma niƙa bakin kasuwa, a can suke yo cefane. Sai ya wuni yana korar ƙuda, burodi na fumfuna a kan kanta, mai ginin da ya ba shi haya kuma ya fara kawo masu duba shagon.

Ran nan ya hangi masu sayen tsohon ƙarfe da amalanke a ƙofar rumfar, suna ƙwanƙwasa injin suna tayi. Ko takalmi bai sa ba ya fito, ya riƙe hannun mutumin da da ƙyar yake amsa wa gaisuwa, ya ce, "Don girman Allah, maƙwabci, kada ka sallama. Mai a wuyana har ka miƙe." Firjinsa ya sayar ya cika alkawari. Da injin ya yi tari ya tashi, kafin azahar robobin gero da jiƙaƙƙen wake sun yi layi har bakin shagon, wata tsohuwa na ƙwala masa kira ya auno mata sukari. Ciniki bai koma kamar da ba, amma shago ya tsaya, mai ginin ya daina zarya. Gogan naka ya sauke ajiyar zuciya, ranar ya yi barci har da minshari. Shi ya sa Hausawa suka ce, albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.