Inda Allura Ta Nuna

Magina sun riga sun ɗaga diga za su rushe bangon gabas na masallacin unguwa, sai liman ya ce a dakata, a sake gwada na'urar auna alƙibla.

Mai na'urar tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne. Tun da ya yi ritaya ya mai da zaurensa maƙera, yana kwaikwayon kayan aikin matuƙan jiragen ruwa na zamanin da, shi da ko kwalekwalen dam ɗin Kazaure bai taɓa shiga ba. Ya goga allura da maganaɗisu, ya soke ta a totuwar kara, ya ɗora ta kan ruwa cikin ƙoƙo. Allura ta nuna masa arewa, lissafi kuma ya ce alƙiblar da suka gada a karkace take.

"Allah gafarta Malam, wannan ilimin teku ne, ba ya kuskure," in ji shi.

Liman ya ɗauki ƙoƙon ya fito waje. Ya matsa dama, allura ta juya. Ya koma hagu, ta sake juyawa. Duk inda ya tsaya, tsininta na kan ƙatuwar ƙofar ƙarfen gidan sabon ciyaman da ke jikin masallacin, inda dattawa ke tsugune tun hantsi suna jiran fitowarsa.

Liman ya miƙa masa ƙoƙonsa.

"Kada ka ga laifinta, Alhaji. Tun da aka rantsar da shi, ai duk unguwar nan can muke fuskanta."